Sarƙar da Kika Kwance wa Yaya Sale

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi. Amma ban zo da daɗin baki ba, Inna. Fushi nake yi da ke, kuma rasuwarki ba ta rage ko ƙwayar gero daga cikinsa ba.

Ranar Litinin za a koma shari'ar ɗanki Yaya Sale a Kaduna. Mutum huɗu ya kashe a hanyar Randagi, na ukunsu mijina Habu. Lauyansa ya same ni har gida. Likita ya ce taɓin hankali ne, amma kotu na son wani na gida ya faɗi tun yaushe. In na yi shiru, rataya ce. In na buɗe baki, duk Birnin Gwari za ta ji cewa mun sani muka ɓoye. Kin yi tafiyarki kin bar ni da wannan.

Kin tuna ɗakin bayan rumbu? Shekara biyu Yaya na ciki da sarƙa a ƙafa, yana amsa kiran mutanen da babu su. Baba ya ce a kai shi asibiti, kika ce, “Iska ce, hayaƙi zai kore ta.” Maƙwabta kuwa kika ce musu ya tafi cirani.

Saura kwana uku ɗaurin aurena kika kwance shi. “Kada dangin miji su ce abin a jini yake,” in ji ki. Aka yi masa aski, ya zauna cikin baƙi yana murmushi. Biki ya watse, sarƙa ba ta koma ba. Sai ma kika nema masa babur ya shiga acaɓa. Wanda bai iya riƙe kansa ba, kika ba shi 'ya'yan mutane ya goya!

Da aka fara tsintar gawa a bakin hanya, ba wanda ya tsaya tambaya. A garin nan in mutum ya mutu a daji, kowa ya san abin da zai ce: 'yan bindiga. Har ruga aka ƙona a gefen dajin Kamuku, ta Fulanin da ke kawo mana nono tun ina goye. Ke kuwa kullum da hannunki kike wanke rigunansa, ba ki bari kowa ya taɓa.

Ranar da Habu zai je duba gonarsa, a ƙofar gidanki ya hau bayan babur ɗin. Kina tsaye, Inna. Abin da ya fito daga bakinki shi ne, “A sauka lafiya.”

Ba don wata mata da ya sara ta rayu ta nuna shi ba, da har yau yana ɗaukar fasinja.

Abin da ke ƙona mini rai, ke kika zauna da ni duk tsawon takaba. Kina dama mini kunu, kina tsefe mini kai. Na san don in zauna ɗakina lafiya kika yi abin da kika yi. Da kin tambaye ni, da na zaɓi zama ba aure.

A zaman da ya wuce na gan shi, ya rame ya lalace. Ya ɗago hannu da ankwa ya ce, “Binta, ina Habu? Ko gaisuwa bai zo mini ba.” Na tsane shi, Inna, amma na rasa wanda zan tsana a cikin idanun nan.

Don haka zan tafi. Zan faɗi ɗakin, zan faɗi sarƙar, zan faɗi wadda ta kwance ta, a gaban iyayen Habu da sauran waɗanda aka yi wa rashi. Ba zan bari a rataye shi shi kaɗai a kan laifin da ba shi kaɗai ya yi ba.

Allah ya jiƙan Habu da sauran ukun, ya ba Yaya lafiya. Ke kuma Allah ya gafarta miki, ya haskaka makwancinki. Shi nake roƙo ya yafe miki, don ni har yanzu ban iya ba.

'Yarki,
Binta