Doyar Mama Christiana da Gangunan Gwamnati

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Sa Ido Kan Cibiyoyin Bincike da Kwashe Sharar Nukiliya,
Abuja.

Daga:
Monica Silas,
Sakatariyar Ƙungiyar Mata Manoman Doya ta Tudun Gawo, bayan Kurudu,
a madadin Mama Christiana Yamusa.

14 ga Oktoba, 2024

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GANGUNAN SHARAR NUKILIYA DA RAHOTONKU YA CE AN KWASHE, AMMA SUNA ZAUNE A GONAR WATA TSOHUWA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan Mai Girma yana lafiya, shi da iyalinsa da motocin kwamiti, ƙungiyarmu na neman izinin gabatar da kukan Mama Christiana, manomiyar doya wadda gonarta ta jingina da katangar Cibiyar Bincike ta Tudun Gawo. Da wannan gona take ciyar da jikokin da ɗanta marigayi ya bar mata.

1. Mai Girma ya san kwamitinsa kan kai wa cibiyar ziyarar ba-zata duk shekara. Abin da wataƙila bai sani ba, Mama tana riga kowa sanin ranar. Da ta ji warin fenti, ta ga an kafa rumfa ana dafa shinkafa, ta san ba-zata ta kusa. Jajibirin ranar sai motar cibiya ta zagayo, a sauke ganguna masu ruwan ɗorawa a gefen gonarta, a lulluɓe su da tamfol. Kwamiti ya zo ya ɗauki hoton siton ajiyar shara wayam, ya ci, ya sha, ya tafi. Washegari ganguna su koma gida abinsu.

2. An gaya wa Mama cewa tsohon fenti ne a ciki. Ita kuwa ba ta jayayya da gwamnati. Ta ga ganguna masu faɗin kai, ga zane mai kama da fanka a jikinsu, sai ta riƙa shanya kuɓewa a kai. Allah ya yi wa direban motar, Malam Lukman, albarka, shi ya ja ta gefe bara ya roƙe ta ta daina, ya kuma faɗa mata ainihin abin da ke ciki. A lura, ranka ya daɗe, ya yi wannan bayani ne sanye da farar riga har ka, da safar hannu da takunkumi, ita kuma tana tsaye da zane da silifas.

3. A ranar 6 ga Maris na bana aka sake kawo gangunan, kwamiti ya sake ganin sito wayam. To a nan aka samu matsala, domin rahoton bana ya yi kyau fiye da kima. Ya ce an kammala kwashe sharar baki ɗaya. Aka yanka ƙyalle, aka tafa, aka ƙara wa ogan cibiya girma zuwa hedikwata, sito kuma aka sa masa tayil da na'urar sanyaya ɗaki ya zama zauren taro. Ganguna suka rasa gidan komawa. Suna nan har yau, sun yi damina guda a gonar Mama. Ɗaya ta yi tsatsa ta gindi, wani ruwa yana tsiyaya yana bin kunyoyin doya.

4. Mama ta je cibiya. Sabon oga ya karɓe ta hannu biyu, har da lemo. Ya bayyana mata cikin ladabi cewa cibiyarsa ba ta da shara, ga rahoton kwamiti ya tabbatar, don haka ba zai iya kwashe abin da babu shi ba. Ta roƙe shi ya leƙa ta taga kawai, ya ce bayan katanga ba huruminsa ba ne. Ta tafi ƙaramar hukuma, can aka ce nukiliya ta tarayya ce, su kwata da bola suke kwashewa. Tsohuwa ta dawo gida da ruwan lemo a ciki da baƙin ciki a rai.

5. Yanzu doya ta nuna. Wallahi, ranka ya daɗe, Mama ba ta taɓa samun doya irin ta bana ba, kuma wannan ne ya fi ba ta tsoro. Masu sari daga Nyanya sun zo har gona, ta ce ba za ta sayar wa 'ya'yan wasu abin da ba za ta iya ba jikokinta ba. Unguwa duk an shiga sakwarar sabuwar doya, gidanta garin kwaki ake jiƙawa. Mama da ke tsokanar kowa a taronmu yanzu sai ta zauna ta zuba wa gona ido. Abin yana ci mana rai ƙwarai.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma cikin ƙanƙan da kai:

a. Ya zo da kansa, da na'urar auna tururin nukiliya, ba tare da sanar da mai fenti ko mai shinkafa ba. Ya bi ta bayan katanga, can abin kallon yake.

b. A kwashe gangunan zuwa inda doka ta ce, ba gonar maƙwabciyarta Lucia ba, domin ita ma 'yar ƙungiyarmu ce.

c. A auna ƙasar da doyar, a gaya wa Mama a fili ko yaran nan za su ci ko ba za su ci ba.

A ƙarshe, a al'adarmu ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Tare da wannan takarda Mama ta aiko da doya biyu, mafiya girma, daga kunyar da ke kusa da gangar nan mai tsatsa, a naɗe cikin guntun tamfol ɗin cibiya. Tun da rahoton da Mai Girma ya sa wa hannu ya ce wurin tsaf yake, babu abin fargaba, a daka masa sakwara ya ci da iyali. Mama ta ce babba ke fara sa hannu a akushi. Ranar da ta ji ya ci, ranar za ta ɗora wa jikokinta tukunya.

Muna jiran amsa cikin biyayya da girmamawa. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya, kafin cin doyar da bayansa.

Taku mai biyayya,

Monica Silas
Sakatariya, a madadin Mama Christiana Yamusa, wadda ta dangwala yatsa a ƙasa.