Kuɗin da Ba Ya Kama Jiki

Yaya Melenaite,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Muna lafiya a Mildura, bayana ne kawai ke ƙorafin tsinkar inabi a nan Ostareliya.

Ran Asabar 'yata Lesieli ta yi rawar tara wa coci kuɗi. Na shafe ta da man kwakwa yadda muke yi a Tonga, don a liƙa mata kuɗi a jiki. Yaya, kuɗin Ostareliya leda ne! Ana liƙawa yana sulalewa. Wata tsohuwa har da cewa, "Kalolaine, rowar mai kika yi?" Tir! Yarinya ta gama rawa jikinta fayau, ni ina tsince-tsince a ƙafafun mutane.

Ki aiko min da pa'anga, kuɗinmu na Tonga na takarda, ko yagaggu ne. Mama kuwa, ki ce mata an lulluɓe jikarta da kuɗi.

Ƙanwarki,
Kalolaine