Na Mayar Miki da Kujerar Sallarki

Maman yara,

Na fita aiki kina barci, ban tashe ki ba.

Jiya bayan an ɗauki hoton bayanki a asibiti, likita ya zaunar da ni. Ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan bayanki ya zame yana danne jijiya, na wuya ma ya fara. Shekara ashirin da kika yi a duƙe kan keken ɗinki ce ta jawo. Ya tambaye ni abin da ya tayar da ciwon bayan ya lafa.

Ni na ɗauke kujerar da kike sallah a kanta. Na ce lalaci ne, mai iya zaman ɗinki tana iya sujada. Kwana tara kina duƙawa. Tun ina saurayi na karanta sassaucin da aka yi wa mara lafiya, amma a gidana na kasa gane shi. Ba ni da hujja.

Kada ki taɓa keken, kada ki ɗaga bokiti. Motsa jikin da aka nuna miki, ki jira ni da yamma in riƙe ki.

Kujerar tana gefen darduma, na sa mata matashi. Ki yafe mini.