Ummi, Mai Gudu a Kan Ƙanƙara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗiyata Ummi, a ƙasar Holan. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da duk wanda kuke tare. Ni ne mahaifinki, Lawal, nake rubuto miki daga garin Ƙanƙara a jihar Katsina. Na san ba ki jin Hausa, na kuma san masu bibiyar shafina ne za su karanta wannan, ba ke ba. Na gwada rubutawa da yaren can, amma ɗan abin da ya rage a kaina ya kasa ɗaukar maganar.

A can Sara suke kiranki, haka ake rubutawa a allo idan za ki shiga tsere. Sunanki na yanka sunan mahaifiyata ne, Hajiya, shi ya sa bakina bai taɓa kama shi ba. Tun ranar suna Ummi nake ce miki.

Ina wurin ranar da kika fara taka ƙanƙara. Sanyi ya yi tsanani a shekarar, har ruwan da ke bayan gonar tumatir inda nake aiki ya daskare. Kakanki na wajen uwa ya ɗaura miki takalmi mai wuƙa a ƙasa, ya ba ki kujerar katako ki riƙa turawa. Ni ina gaɓa cikin takalmin aiki, tsoro ya hana ni sauka. Kika ture kujerar gefe, kika yi gaba ke kaɗai, kika faɗi zaune, sannan kika waigo kina yi mini dariya.

Shekara ba ta zagayo ba aka ƙi sabunta mini takardun zama. Mahaifiyarki ta yi iya ƙoƙarinta, har lauya ta ɗauka. Ranar da aka sa ni a jirgi kina makaranta, don mun shirya da ita kada ki gani. Da farko muna waya. A hankali kalmomin da muke da su tare suka riƙa ƙarewa, har ya zama sai ki gaishe ni ki miƙa mata wayar. Daga baya ta yi aure, kuka sauya gari, lambar ta daina shiga. Ban riƙe ta da komai ba.

Na koma gona a 'Yargoje, har lokacin da 'yan bindiga suka hana mu noma. Na kwaso Hajiya muka dawo cikin gari, na kama sayar da irin shuka a kasuwa. A rumfar nan ne wata rana da hantsi na rubuta sunanki a waya, kamar yadda na saba yi ba tare da na samu komai ba, sai ga bidiyon tseren matasa. 'Yan mata biyu sun sunkuya, kowacce da hannu a baya, suna zagaya fili kamar ba su taɓa ƙasa. Ban san wacce ce ke ba. Sai da kuka gama, ɗaya ta zame hular kanta tana haki, na ga goshin Hajiya sak.

Na kai mata wayar. Ina tsoron abin da za ta ce a kan kayan nan masu manne jiki. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da sauƙi tunda kanki a rufe yake. Da na yi mata bayanin abin da kike gudu a kansa, ta yi dariya har da hawaye, ta ce: "Uba ɗan Ƙanƙara, ɗiya bisa ƙanƙara. To mi ya yi saura?"

Daga nan na zama ɗalibinki. Na gane ba da wadda ke gefenki kike yi ba, da agogo kike yi. Na gane dogon zango ya fi karɓar ki, domin kina fita a sanyaye, sai sauran sun fara gajiya kike buɗe wuta. Na nuna wa mutanen majalisarmu sau ɗaya. Wani ya tambaye ni ko kina sallah, daga nan ban sake nuna wa kowa ba.

Lokacin da aka katse layin waya a yankinmu, daga nan har Faskari da Sabuwa, sai na shiga mota zuwa Zariya idan na san kina da tsere, duk da halin da hanyar take ciki. A wata tafiyar ce na ga kin faɗi a kwanar ƙarshe. Kika sulale kika bugi katangar soso, ba ki tashi ba, aka zo aka ɗauke ki. Nan bidiyon ya ƙare. Na dawo garin da babu layi, na yi makonni ban san ko za ki sake takawa ba. A gona na yi kuka lokacin da aka kore mu, amma bai kai na wancan zaman ba.

Kin warke. Da sanyi ya dawo kika dawo, aka ɗauke ki cikin matasan da ke wakiltar ƙasar, kika sa kaya ruwan lemo. Bayan tseren wani ɗan jarida ya tare ki. Na ji kin ce kina gode wa babanki, na ɗauka ni kike nufi, sai aka haska mijin mahaifiyarki, wani dogon Bature mai furfura, yana share ido. Ummi, ya cancanta. Shi ya riƙa kai ki wurin horo cikin sanyi, shi ya wasa miki wuƙaƙen takalmi, shi ya zauna a asibiti. Ni na san haka. Sanin bai hana ni rufe rumfa ranar ba.

Na taɓa aika miki saƙo da Turancina. Na faɗi sunana da garina, na ce ni ne. Amsa ta zo bayan wani lokaci, layi ɗaya, ana gode mini da goyon baya daga Najeriya. Wataƙila ma ba ke kika rubuta ba. Na karanta wa Hajiya yadda yake, ban ƙara komai ba. Sai ta ce: "Ta dai amsa. Ƙyale ta ta yi gudunta, kada ka ɗora mata kaya."

Hajiya ta rasu da daminar bana. Ta ware miki zannuwa biyu da awarwaronta na azurfa, suna nan cikin kwallarta, ban san ta inda zan aiko su ba.

Abin da ya sa na karya maganarta na rubuto shi ne idona. Likita a Katsina ya ce hawan jinin ido ne, na hagu ya riga ya tafi, na dama yana bin sa, magani sai dai ya jinkirta. Yanzu idan na buɗe tserenki inuwa biyu nake gani a kan fari. Sai na kara wayar a kunne in jira mai sharhi ya ambaci sunanki, in saurari ƙarar wuƙaƙen a ƙasa ina ƙoƙarin raba naki da na ɗayar. Na daina sa ran za ki zo. Na daina sa ran za a ba ni izinin zuwa. Da na so in ga fuskarki sau ɗaya kina kallona kin san ko ni wane ne, kuma ga alama idon ba zai jira ba.

Allah ya tsare miki ƙafafunki da ƙashin bayanki. Allah ya raba ki da faɗuwar da ba a tashi. Ya saka wa waɗanda suka raine ki da alheri, ya shiryar da zuciyarki zuwa gare shi ta hanyar da ya fi sani. Idan kuma ya ƙaddara wata rana za ki tambayi inda kika fito, Allah ya sa ki tarar da wanda zai nuna miki ƙofar gidanmu, ko ina nan ko ba na nan.

Na bar ki a hannun Allah, Ummina.

Mahaifinki,
Lawal.