Ƙwan da Na Sa wa Wake

Asabar, 6 ga Yuli, 2024
Na je yankan ciyawa bakin dam ɗin Watari, na tsinci ƙwai a wata tattakakkiyar sheƙa. Guda ɗaya, ya fi na agwagwa girma, da ɗan shuɗi-shuɗi. Gashin tsuntsu a warwatse, alamar wani abu ya cinye uwar. Da sauran ɗuminsa. Na sako shi a hula na kawo gida, na cusa wa Wake, kazar Inna da ke kwanci a kan ƙwan zabi. Kaza ba ta tambayar ƙwan wa aka ba ta. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 31 ga Yuli
Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya fito. Ja-ja ne, duk jikinsa ƙafa da wuya. Wake ta daɗe tana kallonsa kafin ta buɗe masa fiffike. Inna ta ce, "Usaini, wane ɗan aljanin ka kawo min akurki?" Baba ya ce kamar ɗan gauraka, amma rabonsa da ganin gauraka a ƙasar nan tun kafin a haife ni, ba zai rantse ba.

Lahadi, 11 ga Agusta
Ƙanwata Fauziyya ta dawo hutu daga makarantar kimiyya. Ta tarar da ni ina juye wa 'yan zabi tukunyar gara, shi kuma Dogo (haka nake kiransa) ya taka laka ya wuce. Ta tsuguna kan sawun, ta ciro waya. "Yaya, zo ka ga kakan ɗanka." Hoton sawu ne a jikin dutse, yatsu uku, mutum ya kwanta a gefensa bai fi shi tsawo ba sosai. Wai dainoso sunansu. Wai sun rayu sun ƙare tun babu ɗan Adam, har a Nijar ana tono ƙasusuwansu cikin rairayi. Na ce Allah Ya raba mu. Ta ce ai ba duka suka ƙare ba, ƙananan cikinsu masu gashi ne suka saura, su ne tsuntsaye. Na ce kowa da yadda Allah Ya halicce shi. Ta ce, "To wa ya ce ba Shi ba ne? Ga ƙashi dai, ga ƙashi." Inna ta ce boko ya taɓa ta.

Litinin, 12 ga Agusta
Na auna sawun da kara. Da na wayar duk ɗaya, girma ne kawai.

Alhamis, 29 ga Agusta
Dogo ya kai min gwiwa. Ba ya tono kamar kaji. Dukan ƙasa yake da ƙafa, ya tsaya cak, abin da ya motsa ya cafke. Yau ƙadangare ya kama, ya buga shi da ƙasa sau uku, ya haɗiye ta kai. Ina ganin tudun abin yana gangarawa a wuyansa. Da ya gama sai ya juyo min ido ɗaya. Akwai wata farar fata da ke shafe idon daga gefe, ba daga sama ba. Duk inda na sa ƙafa yana bayana, har masallaci sai an kore shi.

Talata, 10 ga Satumba
An sami ɗan tsako ɗaya cikin sababbin 'yan tsakin Inna a mace bayan rumbu, kai a fashe. Shirwa ɗauka take, muzuru ma ɗauka yake. Wannan an bar shi a nan.

Talata, 17 ga Satumba
Tsako na uku ke nan da ya mutu. Inna ta ɗaga gawar a gaban Baba. "Malam, ko dai wannan dodon ko kajina." Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce kafin Juma'a ko in yanka shi ko in mayar da shi inda na samo. Na ce bai fara tashi ba, gashin fiffikensa bai gama fitowa ba. Ya ce, "Ka ji abin da na ce."

Laraba, 18 ga Satumba
Na wuni ina gadinsa. Bai kula ko tsako ɗaya ba. Amma ba zan iya cewa na san abin da yake yi in na tafi gona ba. Na duba bakinsa babu jini. Na kira Fauziyya, ta koma makaranta, wayarta a kashe.

Juma'a, 20 ga Satumba
Ban iya wuƙa ba. Da hantsi na ɗora shi a kwando bayan keke. A bakin dam na sauke shi, na shiga ruwa har cinya don ya biyo ni, ya biyo. Ya shagala da kwaɗi, na zagaya ta bayan ciyawa na hau keke. Ban taɓa jin kukansa da ƙarfi ba sai yau. Ba irin na tsuntsun da na sani ba ne. Na waiga sau ɗaya, yana gudu a kan gaɓa, wuya a miƙe, fiffike a buɗe, ba ya tashi. Na taka keke.

Litinin, 23 ga Satumba
Na huɗu.
Da idona, bayan la'asar. Wani tsako ƙaya ta yanke shi a ka, ɗan jini kaɗan. Wake ce ta fara hangowa. Ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya, farar fatar nan ta shafe idon daga gefe. Sara ɗaya. Sai sauran suka taho a guje, wuya a miƙe, babu mai kuka. Kafin in jefa takalmi an gama. Suka watse suna goge baki a ƙasa, suka ci gaba da tono. Shekara ashirin da huɗu ina cikin kajin nan, ban taɓa lura ba.
Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ai kaza in ta ga ja haka take." Ta ci gaba da tankaɗe. Ba ta ambaci Dogo ba, ni ma ban ambata ba.

Laraba, 25 ga Satumba
Na koma dam. Wani masunci ya ce shekaranjiya ya ga karnuka a wajen. Bai ga tsuntsu ba. Na kira har muryata ta dishe.

Lahadi, 29 ga Satumba
Yau ma na je, amma ciyawa ce ta kai ni. Da yamma na ba kaji dawa. Ta saman zana na watsa musu, ban shiga na tsuguna ba. Gwiwata ce ke ɗan ciwo. Da suka cinye ba su watse ba, suka tsaya jikin zanar suna kallona ta ramukan, sai da na shige ɗaki na ja ƙofa.