Gurbin Baba Isaka a Sahu

Juma'a da dare, unguwar Nima

Yau aka goge alamun tazara a masallacinmu, tunda yawancinmu mun yi allurar korona. Liman ya ce, "An sassauta doka, ku haɗa kafaɗu." Kowa ya matso, amma a hannun damana babu kowa. Wurin Baba Isaka mai shayi ne, wanda cutar ta ɗauke bara, aka binne shi ba mu gan shi ba.

A raka'a ta biyu na ji kafaɗa ta jingina da tawa, ga ƙamshin citta. Da aka sallame na tambayi Mumuni, da ke ɗaya gefen gurbin, me ya hana shi matsowa. Ya ce, "Chale, abokina, in matsa ina? Ai da mutum a wurin."

Har yanzu ban gaya wa Hajara matata ba.