Ranar da Warsaw Ta Tafa wa Waƙar Awaki

Zuwa ga Apolonia, hasken idona, sanyin ƙirjina, furen farko da ke fasa ƙanƙara a gindin dutsenmu!

Na yi nasara, Pola! Tawada na ɗiga don sauri, amma ba zan bari wani ya riga ni kai miki labari can gidan gwaggonki ba.

Kin tuna ranar da na kai wa babanki, Pan Hipolit, cukun tumaki na garinmu, na nemi aurenki? Ko kai bai ɗago daga fiyanon da yake gyarawa ba. Cewa ya yi, "Kai ɗan dutse, ran da Warsaw ta tafa wa waƙar awaki, zo ka ɗauke ta." Kika biyo ni bakin ƙofa kika ce, "Rabu da Baba. Kai dai daina ɓoye muryarka, matsoraci kawai!" Wace mace ce zaginta ya fi zuma daɗi, in ba ke ba?

Da gaskiyarki. Shekara shida malamai na kankare mini harshe don in rera irin na Italiya. Akwai wani sauti da mu mutanen dutse ke ɗagawa sama kaɗan, kamar mai kiran ɗan'uwansa daga tsallaken kwari. Duk ran da ya kuɓuce mini, sai an buga sanda a tebur.

Jiya a babban gidan wasa na Warsaw aka buɗe sabuwar opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, da aka tsara da harshenmu. Dattawa suka yi takun polonez da ƙasaita, samari suka buga dunduniya a rawar mazur har katako ya amsa. Sannan aka bar ni ni kaɗai, a matsayin makiyayin da aka kai soja yana kewar gida. Shugaban makaɗa ya harare ni, don tun safe ya ja mini kunne: in na karkace zuwa sautin dutse, in tattara kayana. Na rufe ido, na ga fuskarki, na saki sautin nan yadda kakata ke sakinsa!

Wayyo Pola! Can sama, wurin masu kallo a tsaye, wata tsohuwa ta ƙwala ihu, "Namu ne! Maimaita, ɗana!" Sai gidan ya ɗauka gaba ɗaya, masu kuka na yi, masu tafi na yi. Sau uku na maimaita, shugaban makaɗa na bina da sandarsa yana cije leɓe.

Babanki na nan, hannu a naɗe a ƙirji. Bai tafa ba. Amma a bakin ƙofa ya tare ni, idonsa jawur, ya ce, "Har yanzu sautin nan a karkace yake. Ka zo ran Lahadi. Kuma kada ka manta da cukun."

Ki hau keken dokin farko ki dawo, masoyiyata! Me zan yi da tafin Warsaw in babu hannunki a ciki?

Naki, muddin akwai numfashin rera waƙa a ƙirjina,
Kacper, matsoracinki na dā.